Bututun Jirgin Kakana

Da sunan Allah da ya shimfiɗa ruwa, ya ɗora sama a kansa, ya halicci sanyi, sannan ya tausaya wa bayinsa ya ba su wuta. Ku da kuke zaune a kan tudu, ku matso kusa, don ni muryata ba ta da ƙarfi. Zan ba ku labarin tafiyar da na yi a Tekun Farin Numfashi, inda ido yake gajiya da dubawa bai ga gaɓa ba, inda in ka yi magana sai ka ga maganar ta fito daga bakinka fara fat kamar auduga, tsabar sanyi.

Sunana Lantana, mu mutanen jirgi ne. A jirgi ake haifarmu, a jirgi ake yi mana aure, tudu kuwa ba a nemansa sai in za a binne mutum. Kowane jirgi yana da ɗaki ɗaya na katako. A tsakiyar ɗakin akwai murhun ƙarfe mai ƙofa, daga kansa bututu ya miƙe ya huda rufi yana fitar da hayaƙi. Wanda murhunsa ya huce a tekun nan, sai dai a je a yi wa danginsa gaisuwa.

Kuma mu ba ma kunna wuta, gadonta muke yi. Ranar da za a kai amarya jirgin mijinta, uwarta ce take ɗebo mata garwashi a kasko, a tsallaka da shi da sauri a juye a sabon murhu. Daga ranar wutar ba ta ƙara mutuwa, ana ba ta itace kamar yadda ake ba yaro abinci. Ni har na yi wayo na ɗauka wuta kamar ruwa take, ɗebowa ake yi daga inda take.

Wutar jirginmu ta kakata Tabawa ce. Da ta rasu, iyayena suka ce in koma jirgin kakana Mijinyawa in riƙa yi masa girki, in ɗebe masa kewa. Gaskiya shi ya fi ɗebe mini, don ni ko gaisuwa zan yi sai an ce in maimaita. Shi kuwa dogo ne, ga surutu, dariyarsa har kifi take kora. Uwargida yake kirana. Yakan gaya wa abokansa masunta wai ya more a tsufansa, ya samu matar da ba ta mayar da magana, sai dai miyarta ba ta jin gishiri. Ni kuma in ce masa ƙasa-ƙasa, wanda ba shi da haƙora ai ba shi da bakin raina miya. Amma duk wasansa, itacen murhun nan shi kaɗai yake sa shi, da hannunsa, yana zaɓen busasshe.

To, akwai wani tsuntsu a tekunmu da ake kira Shaɗumi. Girmansa ya kai bijimi, amma ba ya taɓa mutum, ba ya satar kifin kowa, shi dai a bar shi ya ji ɗumi. Wata safiya hazo ya sauko ya rufe ayarin jiragenmu, ruwa kuma ya janye mu gefe ba mu sani ba. Muna ta kira ba amsa, sai muka ji jirgin ya lotsa ta gefe ɗaya, rufi ya yi ƙara. Shaɗumi ne ya sauka. Ya rungume bututun da fukafukansa, ya lumshe ido kamar jaririn da aka goya. Da ni kaɗai ce, da na bar shi ya gama ya tafi. Amma Kaka ya fito da tasa da ludayi yana bugawa, yana zagin tsuntsun har kakanninsa. Tsuntsun ya firgita, ya tokari bututun da ƙafa, ya tashi.

Bututun bai faɗi ba. Ya dai karkace, kuma daidai wuyansa, inda ya ratsa rufi, ya tsage.

Da farko mun raina abin. Amma in aka yi yayyafi, sai wani baƙin ruwa mai warin ƙauri ya riƙa bin jikin bututun yana ɗiga a kan murhu. Hayaƙi kuma, maimakon ya fita duka, sai rabinsa ya dawo ya kwanta a ƙarƙashin rufi. In mun buɗe taga sanyi ya shigo yana yankan ƙashi, in mun rufe kanmu ya yi ta sarawa. Ni da ƙuruciya ina jurewa. Kaka kuwa ya fara tari, irin wanda yake lanƙwasa mutum biyu, ya fara gyangyaɗi da rana tsaka da filafilin tuƙi a hannunsa. Na cusa tsumma a tsagar, ya babbake. Na gane in ba a toshe wurin nan ba, hayaƙin zai cinye mini kakana ina kallo.

Kaka ya ce tun yana yaro yake jin cewa a gabas akwai mutanen da suka san sirrin ƙasa da na ƙarfe. Tunda ayarinmu ya ɓace mana, sai muka juya hancin jirgi gabas.

Tudun farko da muka riska shi ne Tsibirin Raɗa. Mutanensa maginan tukwane ne, gidajensu ma tukwane ne manya-manya a kife, an huda musu ƙofa. Yumɓunsu yana da wani hali: in bai gama bushewa ba, ƙara kaɗan sai ta tsaga shi. Saboda haka duk garin raɗa ake yi. Kasuwa ta cika maƙil, amma ba ka jin komai sai kamar iska tana bi ta cikin ganye. Zakarunsu ma kowanne an ɗaure masa baki da zare. Ban taɓa jin daɗin wani gari kamar wannan ba. Na yi magana, ba wanda ya ce in maimaita.

Aka kai mu wurin Magajiyar magina, wata dattijuwa mai laka har gwiwar hannu. Na gaya mata matsalarmu, ta tausaya, ta sa aka cika mana ƙwarya da yumɓu mai laushi. Muna kan hanyar komawa jirgi muka bi ta gefen wani sabon gida da ake gina wa 'yarta, bai ko sha iska ba. Na ga Kaka ya toshe baki, idonsa ya kawo ruwa, wuyansa yana kumbura. Ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya sani. Amma tarin ya ƙwace. Gidan nan ya dare tun daga sama har ƙasa.

Nan da nan aka kewaye mu. Ban taɓa ganin faɗa mai ban tsoro kamar faɗan raɗa ba, fuskoki a murtuke, bakuna suna motsi, kana jin zagin yana shafar kunnenka kamar gashin kaza. Dokarsu ita ce duk wanda ya fasa gini da ƙara, zai zauna a garin yana cuɗa yumɓu har ƙarshen ransa. Na durƙusa a gaban Magajiya.

Na ce, "Ranki ya daɗe, hukuncinku daidai ne, mun karɓa. Ina dai so ki sani, wannan ƙaramin tarin ne. Babban da safe yake yin sa."

Magajiya ta dubi Kaka, ta juya ta dubi garinta, layi-layin tukwane ɗanyu a shanye. Sai ta ɗaga hannu ta nuna hanyar jirginmu. Ƙarti huɗu suka ɗauki Kaka cak, ɗaya ya danne masa baki da rawani, suka kai shi jirgi suna sanɗa, har suka taya mu tura shi cikin ruwa. Sai da muka yi nisa ya saki dariyar da ya tara, ya ce ashe bakin uwargida ba na cin abinci kaɗai ba ne.

Na hau rufi da ƙwaryata. Bututun yana da zafi, na riƙa ɗebo yumɓu ina mannawa ina janye hannu, yana cuu yana bushewa nan take. Da na gama, wurin ya yi kyau kamar sabon tulu. Kafin la'asar ya tsattsage, ya riƙa ɓallewa yana faɗowa kamar ƙanzo. Na sake liƙawa, ya sake zubewa. Na rufe sauran yumɓun da jiƙaƙƙen tsumma, muka ci gaba.

Bayan tafiya mai tsawo muka shiga Kurmin Ƙaro. Itatuwa ne a tsaye cikin ruwa, kansu ba ya ganuwa, ƙaro yana tsiyaya a jikinsu ja wur, mai kauri kamar zuma. Kaka ya ce da irinsa ake toshe gindin jirgi, kuma abin da ya hana ruwa shiga ai zai hana hayaƙi fita. Na yanko da wuƙa na shafe wuyan bututun da shi. Ya kama kuwa. Ɗakin ya washe, Kaka har ya fara rera waƙar masunta da muryarsa mai kama da ta kwaɗo.

Murnar ba ta daɗe ba. Zafi ya narkar da ƙaron, ya gangaro cikin ɗaki yana tafasa, wani ƙamshi mai zaƙi ya cika kurmin. Sai muka ji gunji daga sama. Ƙudajen zuma ne, kowanne ya kai tantabara, sun biyo ƙamshin sun rufe mana haske. Kaka ya jefa mini tabarma ya ce in lulluɓa in yi ta tuƙi kada in waiga. Shi kuma ya tsinko ɗanyen ganye rungume guda, ya shige ɗaki ya cusa a murhu. Hayaƙi ya turnuƙe, baƙi ƙirin, ƙudajen suka watse, na samu na fitar da mu fili.

Amma rabin hayaƙin nan a cikin ɗaki ya tsaya, tare da shi. Da rarrafe ya fito. Tun daga ranar ya daina tsokanata. In na kawo abinci sai ya ce an gode, kamar baƙo. Wannan ya fi tarin tsorata ni.

Daga nan ni nake yawancin tuƙin, har muka hango Baƙin Dutse, wani tsibiri da babu ko ciyawa a kansa. Maƙeriya ce kaɗai take zaune a wurin, sunanta Inna Barmani, gajeriya mai damatsa kamar taɓarya, girarta ɗaya wuta ta cinye. Ba ta jira dogon bayani ba, ta haye rufinmu ta zagaya bututun, ta kankaro ragowar yumɓu da ƙaro da farce, ta tambaya wane mai ƙarfin hali ne ya liƙa wa ƙarfe abu yana da zafi. Na sunkuyar da kai. Ta ce in ɗago, hannun da ya yi shafen ba shi da laifi, ya iya aiki.

Sai ta juya wurin Kaka ta ce, "Baba, sai an kashe wutar. Ƙarfe in ya ji zafi buɗewa yake yi, in ya huce ya tsuke. Duk abin da ka liƙa masa da zafinsa, tofar da shi zai yi."

Kaka ya dafa ƙofar ɗaki ya miƙe tsaye sosai, abin da ya kwana biyu bai yi ba.

"Baiwar Allah, wutar nan matata ce ta shigo da ita jirgin nan da hannunta. Ban kashe ta tana raye ba, ba kuma zan kashe ta tana kabari ba."

"To ita za ta kashe ka, Baba," in ji Inna Barmani, "kuma ba da son ranta ba."

Ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Inna ta yafuto ni, na bi ta zuwa maƙerarta. Ina shiga na ga murhunta a mace, toka fara, babu ko ɗigon ja. Na durƙusa na yi mata ta'aziyya yadda muke yi, na ce Allah ya ba ta haƙuri, na tambaye ta yaushe abin ya faru, kuma tana da dangi kusa da za su sam mata garwashi. Ta tsaya tana kallona. Da ta gane abin da nake nufi, ta yi dariya har da riƙe ciki, amma da ta ga idona ya cika sai ta bari.

Ta ciro wani lanƙwasasshen ƙarfe, ta ce sunansa ƙyastu, da ɗan farin dutse, da busasshiyar auduga. Ta ƙyasta. Tartsatsi ya faɗa kan audugar, ta hura a hankali, sai ga harshen wuta ya tashi a tafin hannunta, daga inda babu komai. Na ja da baya har na buge da bango. Ta ce ita kullum da safe haka take yi, in ta gama aiki ta bar ta ta mutu, gobe ta tashi wata. Ta kama hannuna ta nuna mini yadda ake riƙe dutsen, da yadda ake saukar da ƙarfen a karkace, ba a tsaye ba. Na yi ta bugun yatsuna kafin in ga tartsatsi na farko.

Sannan ta ba ni wata igiya fara da ake saƙawa da gashin dutse, wadda wuta ba ta ci. Ta ce in bututu ya huce, in kankare kunkunniyar sai na ga hasken ƙarfe, in naɗa igiyar a tsagar in danna ta ciki. In kwaɓa sauran yumɓuna da toka da gashin akuya, in shafe ciki da waje, in yi wa na wajen gangare don ruwa ya zame. Kada wuta ta kusance shi sai ya bushe har in na ƙwanƙwasa ya amsa. Ko a lokacin ma da ƙaramar wuta za a fara. Ta haɗa mini duka a jaka, har da ƙyastun. Ina cikin godiya na hango Kaka yana kwance igiyar jirgi cikin fushi. Da gudu na samu na faɗa ciki.

Ban yi masa maganar kashe wutar ba, don na san amsar. Muka juya yamma neman ayarinmu. Washegari da hantsi aka fara yayyafi mai sanyi, ya shiga ɗaki ya rufe taga, ni ina waje ina tuƙi. Can sai na lura na daɗe ban ji tarinsa ba. Na tura ƙofa. Yana kwance a gefen murhu, itace a hannunsa, leɓɓansa sun canza launi. Na kama ƙafafunsa na ja shi waje, ban san inda na samu ƙarfin ba. Na yayyafa masa ruwa, na jijjiga shi, na kira shi da wata murya da ban san ina da ita ba. Da ƙyar ya buɗe ido.

Da ya dawo hayyacinsa na ce, "Kaka, in ka mutu a nan, ni kaɗai zan rage a tekun nan. Ban san hanyar komawa ayarinmu ba."

Ya daɗe yana kallona, ruwan sama yana sauka a gemunsa. Sannan ya ce in ɗauko kasko.

"Ba kashe ta za mu yi ba," in ji shi. "A kasko ta zo, a kasko za ta jira."

Da kansa ya kwashe garwashin, ɗaya bayan ɗaya, ya zauna da kaskon a lungun ɗaki. Yayyafin ya ɗauke, murhu ya huce, karo na farko tun ranar aurensa da kakata. Na hau rufi. Na sa filafili na tokare bututun har ya miƙe. Na kankare baƙin da ya daskare da wuƙa, yana zubowa a fuskata, har ƙarfen ya yi haske. Na naɗa igiyar, na bi ta da bayan wuƙa ina dannawa cikin tsagar. Na kwaɓa yumɓun da tokar murhunmu da gashin da Inna ta ba ni, na shafe, na jiƙa hannu na lailaye, na yi masa gangare. Na sauko na yi na ciki. Wannan karon bai yi cuu ba, ya kwanta lamo a jikin ƙarfen.

Saura jira, kuma jiran ne ya fi aikin wuya. Sanyi ya shigo ɗakin ya zauna. Iska tana bi ta ƙarƙashin ƙofa tana ɗaga tokar kaskon, garwashin yana haske yana ƙanƙancewa. Kaka ya tsorata, ya ce iskar nan cinye ta take yi. A murhu in muna so wuta ta daɗe ƙofa muke rufe mata, saboda haka ya ɗauko murfi ya kifa a kan kaskon. Ni ma na ga dabarar ta yi, har na kawo ragowar yumɓu na liƙe gefen murfin don kada sanyi ya samu hanya. Sannan ya cire bargonsa ya naɗe kaskon, ya rungume shi a ƙirji, shi kuma ya zauna da riga ɗaya haƙarƙarinsa yana kaɗawa. Na roƙe shi ya karɓi nawa bargon, ya ƙi, sai muka lulluɓa tare, ni da shi da kaskon a tsakiya.

Haka muka wayi gari. Allah ya taimake mu rana ta fito, iska busasshiya ta yi ta kaɗawa. Wajen azahar na hau na ƙwanƙwasa liƙin, ya amsa kamar tukunya mai kyau. Na sauko da murna na ce lokaci ya yi. Kaka ya warware bargon, ya ɓalle yumɓun, ya ɗaga murfin.

Baƙi ne a ciki. Ya sa yatsa ya juya gawayin, ɗaya bayan ɗaya, yana neman ko da ƙwayar ja. Babu. Bai yi kuka ba. Ya yi salati a hankali, ya ajiye kaskon kamar mai ajiye jariri.

"Don kada ta ji sanyi na rufe ta," ya ce.

Ya kwanta ya juya fuska bango. Na san in na bar shi haka, abin da hayaƙi bai ƙarasa ba sanyi zai ƙarasa kafin gobe. Na jawo kaskon, na jera gawayin a cikin murhu, na ciro jakar Inna. Yatsuna sun sandare, dutsen yana suɓucewa. Na ƙyasta, ba komai. Na sake, na fasa bayan yatsana. Ƙarar ta sa Kaka ya tambaya me nake yi, bai juyo ba. Na gaya masa abin da na gani a Baƙin Dutse, a gajarce.

Ya ce, "Kada ki sa mini baƙuwar wuta a murhunta, Lantana."

Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. Hannuna ya tsaya. Amma na dubi ƙafafunsa, sun yi fari, sai na sake ƙyastawa. Tartsatsi ɗaya ya faɗa a audugar ya maƙale. Na tallafe ta da hannu biyu na hura, a hankali, yadda Inna ta nuna mini. Ta kama. Na tura ta ƙarƙashin gawayin, na ci gaba da hurawa har wani ja ya fara rarrafe a gefen guda ɗaya, ya tsallaka kan na kusa da shi.

Na ce, "Kaka, ban sa itace ko ɗaya ba. Gawayinta ne. Juyo ka gani."

Sannan na ji motsin tabarma. Ya ɗago a kan gwiwar hannu yana kallon cikin murhun. Gawayin da ya kwana rungume da shi ne yake ja, har wani mai lanƙwasa da ya juya da yatsansa ɗazu. Can sai ya miƙa hannu ya laluba cikin itace, ya zaɓo wani siriri busasshe. Na ce masa ƙarami dai, liƙin bai saba ba tukuna. Ya ce ya ji, ba kurma ba ne. Ya karya shi biyu ya ɗora.

Na fita na ɗaga kai. Hayaƙi yana fita ta bakin bututun, siriri, a miƙe. Na shafa wuyan, ya fara ɗumi, babu tsaga. Na koma ciki na rufe ƙofa da taga, na tsaya ina duban ƙarƙashin rufi ko zan ga wani abu ya taru. Ba komai, har ina ganin layin katako.

Kaka ya matso da ƙafafunsa kusa da murhun, ya jingina da bango. Ya ja numfashi a hankali kamar mai gwada ƙasa da ƙafa, ya tsaya yana jiran tarin. Bai zo ba. Ya sake ja, wannan karon har ƙasan cikinsa, ya sauke. Kafin itacen ya gama ci barci ya ɗauke shi. Na durƙusa kusa da shi na kasa kunne, na daɗe a haka. Numfashin yana shiga yana fita, ba ya sarƙewa ko'ina. Na ja masa bargo har wuya, na ɗauki filafili na fita.

Nan labarina ya kai gaɓa, a nan zan ɗaure shi. Allah ya ɗumama muku ɗakunanku.